Igwar da Ta Ƙi Tashi: Darasin Bariki da Zango Ke Buƙata

Kowace ranar 6 ga Maris, idan Gana na bikin samun 'yancin kai, akwai lokacin da ake bar wa sojojin igwa fili su yi harbi 21 na girmamawa. Mai kallo ta talabijin a Nima ko Maamobi ko Kotobabi, abin da yake gani hayaƙi ne, harbi na bin harbi a kan ƙa'ida. Abin da ba ya gani shi ne tanadin da aka yi wa harbin da bai fita ba. Idan aka ja igiya igwa ta yi gum, ta kusa da ita ce ke cike gurbin nan take don kada lissafi ya karye. Ita kuwa mai gardamar, ba mai buɗe ta, ba mai gilmawa ta gabanta, sai lokacin da aka yanka ya cika. Alhali kuwa harsashin biki ne, gari kawai, babu ƙarfen da zai fita ya faɗa wa kowa.

Sojan da ya fi kowa sanin bindiga shi ya fi kowa tsoron wadda ta yi shiru. A unguwannin Zango na Akra kuwa, inda gida ke jingine da gida, wani lungun ma mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa, akasin haka aka saba gani. Bindigar toka ta ƙi tashi a wajen naɗin sarauta, mai ita ya juyo da bakinta yana leƙawa. Nokawut, abin wasan wuta mai fashewa, ya mutu a ƙasa, yaro ya ruga ya ɗauka. Ɗan kondem, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya tsinci wani ƙarfe mai nauyi, ya ɗora masa guduma. Duka ukun kuskure ɗaya ne, kuma an san maganinsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Lokaci ya yi da za a fito da wannan ilmi daga bariki a kawo shi Zango, cikin harshen da mutane ke ji.

Masu harba igwa sun kasa gardamar bindiga gida uku. Na farko shi ne ƙin tashi ɗungurungum: an ja kunama, allura ta doki 'yar hular da ke kunna gari, amma hular ta lalace ko allurar ta karye, wuta ba ta kama ba. Na biyu shi ne jinkirin tashi: wuta ta kama, sai dai tana ci a hankali, kamar garwashin da toka ta rufe, tana iya tashi bayan daƙiƙa ɗaya, tana iya tashi bayan mintuna. Na uku shi ne tashi don zafi: an yi ta harbi har bututun ya ɗau zafi, harsashin da ke zaune a ciki ya gasu, ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa kunama.

Matsalar ita ce a daƙiƙun farko babu idon da zai iya bambance na farko da na biyu. Dukansu shiru ne. Shi ya sa ƙa'idar kowace rundunar igwa a duniya ta ce a ɗauki kowane shiru a matsayin jinkiri, har sai agogo ya tabbatar da akasin haka. A horon sojan Amurka, misali, idan igwa mai milimita 155 ta ƙi tashi, akan sake gwadawa sau biyu, sannan a jira minti biyu kafin a zare 'yar hular a duba. Idan aka tarar ta ci wuta, wato ke nan akwai yiwuwar garin na ci a ciki, jiran yakan ƙaru zuwa minti goma kafin a buɗe ƙofar baya. Idan kuwa bututun na da zafi sosai, ba a iya harba harsashin ko fitar da shi cikin 'yan mintuna ba, kowa barin wurin yake yi, a kira ƙwararrun kwance bam. Duk tsawon lokacin nan bakin igwar na kallon inda aka nufa tun farko, babu mai tsayawa a gabanta, babu mai tsayawa a bayanta inda za ta zabura.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Ƙarfin da ke jefa harsashi mai nauyin kilo 40 da ɗoriya nisan kilomita 20 ko fiye, idan ya tarar an buɗe ƙofar baya, ta nan zai fito, kan mutanen da ke tsaye.

Maƙeran igwa sun san cewa a tsakiyar yaƙi mutum na mantuwa, gaggawa na rinjayar hankali, don haka suka gina jiran a cikin ƙarfen kansa. Shahararriyar igwar Faransa mai milimita 75, ƙirar 1897, ta zo da wani ɗan sakata da ke kulle ƙofar baya da zarar an rufe ta. Ba abin da ke sakin sakatan sai zaburar da igwar ke yi da baya idan harsashi ya fita. In ba ta zabura ba, ƙofa ba ta buɗuwa, sai soja ya sa hannu da gangan ya saki makullin, wanda ke tilasta masa tsayawa ya yi tunani. Manyan igwogin Tarayyar Sobiyet na Yaƙin Duniya na Biyu sun ɗauki wannan dabara. Da yawa daga cikin na zamani kuma zaburar ce ma ke buɗe ƙofar da kanta, ta tofar da kwankon. Akwai wani makullin da ke hana allura motsi muddin ƙofar ba ta rufu ruf ba. A jikin wasu igwogin akwai ma'aunin zafi mai launi uku, kore da rawaya da ja, wanda ke gaya wa shugaban ayari ko bututun ya kai matsayin da zai gasa harsashi.

Ƙaramar igwar nan da ake kira morta, wadda ake zura wa harsashi ta baki, nata haɗarin daban ne. Cikin hayaniya da ƙarar wasu bindigogi, soja na iya zaton tasa ta tashi, ya zura na biyu a kan na farko. Abin da ya faru ke nan a Hawthorne da ke jihar Nebada ta Amurka a watan Maris na 2013, inda sojojin kundunbala bakwai suka mutu a wajen atisaye, bincike kuma ya nuna an ɗura harsashi a kan harsashi. Don gudun irin wannan ne Rashawa suka daɗe suna ɗaura wa mortocinsu wani ƙarfe a baki, wanda ke toshe hanya bayan an zura harsashi, ba ya komawa sai harsashin ya fita.

Amma ƙarfe ma na cin amana. Ranar 12 ga Oktoban 2007, a filin atisayen Lohatla da ke Afirka ta Kudu, wata igwar kakkaɓo jirage mai milimita 35 ta cije ana tsakiyar harbi. Aka taɓa ta, aka gyara, da ta dawo aiki sai ta juya gefe da kanta tana ɓarin wuta kan 'yan uwanta da ke jere. Sojoji 9 suka mutu, 14 suka ji rauni. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ya karye a ciki ba a lura ba. Wannan ya faru ne a hannun ƙwararru, da makami ƙirar Turai, a fili buɗaɗɗe, da likitoci a kusa. Shi ya sa rundunoni ba su dogara da makulli kaɗai: akwai horo da ake maimaitawa har ya zama jiki, akwai murya ɗaya tak da ke ba da umarni, akwai rajistar da ake rubuta lambar kowane rukunin harsashi, ta yadda idan ɗaya ya yi gardama za a iya dakatar da sauran 'yan rukuninsa har a bincika.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga mutanen Zango. Kakanninsu na cikin waɗanda suka fara riƙe shi a wannan ƙasa. A yaƙin da Ingila ta kai wa Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin John Glover ya zo da dakarun Hausawa daga Legas, ya kuma ɗebi wasu a nan gaɓar teku. Wani hafsa, Kyaftin Rait, ya horar da ayarin Hausawa harba ƙananan igwogi da rokoki, su ne kuma suka yi aiki da su a gumurzun Amoaful ranar 31 ga Janairun 1874, kwanaki kaɗan kafin a shiga Kumasi. Yaƙin mulkin mallaka ne, ba abin tutiya ba, da yawa daga cikin waɗanda ake kira Hausawan ma mutanen arewa ne daga ƙabilu daban-daban da harshen ya haɗa su. Amma tarihi ne da ya faru. Daga wannan tushe aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gwalkwas a 1879, ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901, kuma Hausa ce harshen bariki har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu.

Igwogin wancan zamani ta baki ake ɗura su, irin waɗanda har yau ake ganin tsofaffinsu a gidajen ganuwar bakin teku, daga Osu zuwa Elmina. Dokarsu ta farko ita ce bayan kowane harbi a zura sanda mai jiƙaƙƙen soso a kashe duk wani tartsatsin da ya rage, yayin da wani soja ke danne 'yar kafar kunnawa da babban yatsa, sanye da fata, don kada iska ta shiga ta hura wutar. Wanda ya yi sakaci da wannan, hannun abokinsa mai ɗura gari ne ke tafiya.

A yaƙin Bama, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun ratsa dazuzzuka da tsaunuka, inda a wasu wuraren sai an kwance ƙananan igwogi gunduwa-gunduwa an ɗauka a ka. Sunan barikin Bama da ke Akra da na Myohaung da ke Takoradi daga can suka samo asali. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930, ta bunƙasa ne a lokacin wannan yaƙi da bayansa, da ma'aikatan barikoki da tsofaffin sojoji da suka dawo suka nemi matsuguni. Gidaje da dama a Nima da Maamobi da Kotobabi na da hoton wani kaka sanye da kaki. Waɗannan dattawa sun san abin da ake yi idan bindiga ta cije. Sun tafi, an gaji hotunan da lambobin yabo, ba a gaji horon ba.

A duba bindigar toka da kyau, za a ga ƙanwar waccan tsohuwar igwa ce. Bututu ne da ake zuba wa albarushi ta baki, a danna tsumma ko takarda a kai, a ɗora hula, a ja kunama. Duk cutar da ke kama igwa na kama ta, ba ta kuma da ko makulli ɗaya daga cikin waɗanda aka lissafa. Albarushi na shan danshi, Akra kuwa gari ne na bakin teku, iskarsa a jiƙe take, balle da damina. Garin da ya kwana a ɗaki mai laima shi ne ainihin mai jinkirin tashi. Sai a ga mai harbi ya ja kunama ya ji ƙyas, ya ce "ba ta ci ba", ya sauke ta daga sama ya riƙe a kwance, bakinta na kallon cikin taro, ko ya jingina gindinta a ƙasa ya sunkuya a kanta zai ƙara gari. Wani kuma garin neman ƙarar da ta fi ta abokin hamayya, sai ya ninka awo a bututun da maƙeri ya yi da fayif ɗin ruwa. Wani ya zuba sabon gari kai tsaye daga gora cikin bututun da bai huce ba, gorar na hannunsa, kusa da fuskarsa.

Hujjar da aka fi ji ita ce: "Gari ne kawai, ba dalma a ciki." To amma gari kawai ɗin ne sojojin 6 ga Maris ke harbawa, kuma ba sa barin kowa ya tsaya a gabansu. A kusa, wutar da ke fita da ƙwayoyin garin da ba su ƙone ba da tsumman da aka danna sun isa su tsiyaye ido ko su fasa fata. A watan Disambar 2024, a bikin Kwafie na Dormaa, harbin irin wannan bindiga ya sami sanannen ɗan jarida Kofi Adomah a fuska yana bakin aikinsa, har sai da aka fitar da shi ƙasar waje don aikin ido. Shi sunansa ya sa ƙasa ta ji. Talakan da irin haka ta same shi, daga asibiti sai gida, labarin ya mutu a nan.

Abin da ya fi muni shi ne yadda bindigogin zamani masu harsashi na gaske suka kutsa cikin bukukuwa. A watan Yulin 2025, a bikin wuta na Bugum a Bimbilla, harsashi ya kashe wata ɗalibar sakandare. Harsashin da aka harba sama sai ya sauko, kuma kwanon rufi ba ya tare shi. A unguwa irin Maamobi, babu inda zai sauka da ba kan wani ba. Wani binciken ƙasa da aka yi a 2014 ya ƙiyasta cewa akwai ƙananan makamai kusan miliyan 2.3 a hannun farar hula a Gana, kusan rabinsu ba su da rajista. Mazauna Nima da Maamobi ba su manta da watan Janairun 2022 ba, lokacin da gungun matasa biyu suka yi musayar wuta da rana tsaka a kan titi.

Bayan bindiga, haɗari na biyu shi ne nokawut. Tun 1999 doka ta haramta shigo da shi da sayar da shi a Gana, 'yan sanda na maimaita gargaɗin duk ƙarshen shekara, amma duk ƙarshen shekara ana jin ƙararsa a kowane lungu. Mafi yawan yaran da yake ƙonawa ba wajen kunnawa yake samunsu ba, wajen komawa ne. Lagwanin ya ci ya shige ciki, ƙara ba ta zo ba, yaro ya ɗauka ya kawo kusa da ido ya ga me ya hana, ko ya hura masa iska. Jinkirin tashi ne sak irin na igwa, a tafin hannun ɗan shekara takwas.

Na uku ya fi ɓoyuwa, ya kuma shafi sana'ar da dubban matasan arewa da na Nijar ke ci da ita a Akra, wato sayen tsofaffin ƙarafa. A nan akwai wani bayani da ya kamata duk mai tura kura ya sani. Makunnin da ke kan harsashin igwa ko na morta an ƙera shi ne a kulle, don kada ya fashe a ma'ajiya ko a cikin bututu. Abin da ke buɗe makullan shi ne bugun da yake sha lokacin harbi, a wasu kuma har da juyawar da yake yi a iska. Ma'ana, harsashin da aka harba ya faɗi bai fashe ba, makullansa sun riga sun buɗe. Ya fi wanda ke cikin akwati haɗari nesa ba kusa ba, kuma tsatsa da shekaru ba sa kashe shi. Har yau manoman Faransa da Beljiyam na tono harsasan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ƙwararru ake kira su kwashe. A watan Yunin 2025, a Kano, wani bam na soja da ya zo cikin lodin tsofaffin ƙarafa daga Yobe ya tashi ana sauke kaya, mutum biyar suka mutu. Tun a 2023 Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar jari-bola a Borno, inda yaƙi ya bar irin waɗannan abubuwa warwatse a daji. Gana ba ta yi irin wannan yaƙi ba, amma tana da filayen atisayen harbi irin na Bundase, gine-gine na ta matsowa kusa da filayen soja, ƙarfe kuma ba ya tsayawa a kan iyaka. Tun da aka rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a 2021, sana'ar ta watsu zuwa ƙananan yadi a cikin unguwanni, kusa da ɗakunan kwana.

Ƙasar ta ga abin da kusantar abin fashewa ke jawowa. A Appiatse, kusa da Bogoso, ranar 20 ga Janairun 2022, motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta yi karo da babur ta kama wuta. Tsakanin kamawar wutar da fashewar akwai mintuna. Waɗanda suka ji gargaɗin direba suka gudu sun tsira, wasu kuwa matsowa suka yi da wayoyi suna ɗaukar hoto. Aƙalla mutum 13 suka mutu, garin ya zama kufai. A Janairun 2019 ma'ajiyar makamai ta barikin Michel da ke kusa da Tema ta kama wuta cikin dare, maƙwabta suka yi ta gudu ba su san inda za su nufa ba. A Legas, ranar 27 ga Janairun 2002, fashewar ma'ajiyar barikin Ikeja ta ci rayuka fiye da 1,000, akasarinsu ba wutar ce ta kashe su ba, ruwan magudanar Oke-Afa suka faɗa cikin firgici. A duk waɗannan, abin da jama'a suka sani ko suka jahilta a mintunan farko ya yi tasiri a kan yawan gawarwakin da aka ƙirga.

Akwai masu cewa a haramta harbin biki baki ɗaya a huta. Niyyarsu mai kyau ce, kuma a kan bindiga mai harsashin gaske babu wata jayayya: ba ta da gurbi a naɗin sarauta, ko ɗaurin aure, ko hawan Sallah a titin Nima, duk wanda ya fito da ita a kama shi, ko ɗan wane ne. A Disambar 2025 ministan cikin gida, Muntaka Mohammed-Mubarak, wanda shi ma ɗan Zangon Kumasi ne, ya buɗe afuwar makonni shida ga masu miƙa makaman da ba su da rajista, tare da dakatar da harbi a bukukuwan gargajiya na ɗan lokaci. Mataki ne mai kyau. Sai dai tarihin nokawut ya nuna iyakar hani idan shi kaɗai ne: fiye da shekara 25 da doka, kaya na nan a kasuwa. Bindigar toka kuwa ta fi nokawut saiwa. Tana cikin Damba da Bugum na Dagombawa, tana cikin jana'izar sarakunan Akan da bukukuwan Ga, tana cikin hawan Sallah na Kano da Katsina da Zariya. Abin da aka hana ba tare da an ba shi tsari ba, ɓuya yake yi ya koma hannun waɗanda suka fi kowa rashin iya shi.

Akwai kuma masu cewa al'ada ce, kada a taɓa. Su ma sai su dubi inda al'adar ta fi ƙarfi. 'Yan bindigar fadar Kano ƙungiya ce mai shugabanni, an san kowa, an san inda suke tsayawa a jerin hawa, ba kowane saurayi ne ke aro bindiga ranar Sallah ya shiga cikinsu ba. Tsari shi ne asalin al'adar. Harbin kan mai uwa da wabi a lungu shi ne baƙon abu.

Idan abu ya faru kuma, sai a ji ana cewa tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma a cikin ingantattun hadisai na Buhari da Muslim akwai umarnin cewa mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani, akwai kuma hani ga nuna ɗan uwa da makami ko da wasa. Addinin da ya kula da tsinin kibiya a kasuwa ba zai ɗauki juya bakin bindiga cikin taron mata da yara a matsayin ƙaramin abu ba. Wannan huɗuba ce da ta dace da mumbarin Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda da na kowane masallacin Juma'a a Ayawaso, yankin da Nima da Maamobi da Kotobabi ke ciki, musamman a Juma'ar da ke gaban Sallah.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. Sarakunan Zango su buɗe rajistar masu harbin biki, wanda babu sunansa kada ya riƙe bindiga a taronsu, kuma kowane taro ya kasance da mutum ɗaya da ke ba da izinin harbi da tsayawa. A ware fili buɗaɗɗe, a ja igiya tsakanin masu harbi da 'yan kallo, a daina harbi a lungu. A auna gari da ma'auni, a ɗure shi a ƙunshi ɗaya-ɗaya, gora ta tsaya nesa. Bindigar da ta ƙi tashi, bakinta ya ci gaba da kallon sama, mai ita ya ɗaga murya ya sanar, a jira mintuna, sannan a fitar da ita daga taro a jiƙa garin da ruwa kafin a taɓa. Kada a leƙa, kada a hura, kada a ƙara gari a kan gari. Nokawut da ya mutu, a bar shi a inda yake, babba ya zo daga baya ya kwara masa ruwa. Ƙarfen da ba a gane ba, mai kan tsini ko mai fikafikai a gindi, kada a ɗaga, kada a buga, kada a sa masa wuta. A matsar da mutane, a kira 112 ko a sanar da ofishin 'yan sanda na Nima ko na Kotobabi.

Masu koyarwa na nan. Runduna ta 66 ta sojojin igwa na Ho, injiniyoyin soja masu kwance bam na Teshie, Hukumar Kula da Ƙananan Makamai da aka kafa da dokar 2007 na da hurumin wayar da kai, Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 na iya ɗaukar nauyin. A cikin unguwannin kansu akwai tsofaffin sojoji da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan da Laberiya, suna zaune a majalisu ba wanda ya nemi iliminsu. Horo na yini ɗaya, da Hausa da Dagbani da Zabarmanci, ga masu harbi da shugabannin 'yan kondem da malaman makarantun allo, kuɗinsa bai kai na jinyar ido ɗaya a ƙasar waje ba.

Kira na farko ga sarakunan Nima da Maamobi da Kotobabi ne, tare da limamai da 'yan majalisar Ayawaso: kafin Sallah mai zuwa, su zauna su rubuta wa rundunar soja da hukumar makamai takarda, su nemi a turo masu horarwa, su kuma sanar a masallatai da gidajen rediyo cewa daga bana duk wanda bai yi horon ba, ba zai yi harbi a taron Zango ba.